Tun da Nas Ta Ajiye Makirufo

Lahadi, ƙarfe uku na rana

An tashi sujada sha biyu da rabi maimakon sha biyu. Yabo ya ci awa ɗaya da kwata, wa'azi ya samu ashirin. Shekara ashirin da shida ina fasto a cocin nan, ban taɓa yin wa'azin minti ashirin ba sai yau.

Nas ce ta ja yabo kamar kullum. Ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, shi ya sa babba da yaro ke ce mata Nas, har ni da na yi mata baftisma da hannuna. Shekara goma sha huɗu ke nan tana shugabantar mawaƙa. Yau da ta kai waƙar ƙarshe, jama'a suka ƙi zama. Wasu na kuka. Tsohuwar da ake turowa a keken guragu ta ɗaga hannu biyu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Da aka gama sai tafi, aka yi ta yi ba a daina ba, wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ƙara basira, Nas!" Ni kuwa ina tsaye bayan mumbari da takardata a hannu.

Na yi magana kafin in fara wa'azi. Ba ta wuce minti biyu ba. Nas ta ajiye makirufo a kan kujera, ta sauka ta zauna cikin jama'a, ba a layin mawaƙa ba.

Fankar da ke saman mumbari ta fara ƙara. A kira mai gyara.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Maman yara ta ajiye mini abinci a tebur, ta ɗauki nata ta shige ɗaki. Na sha maganin hawan jini.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Ban faɗi ƙarya ba. Yabo na Ubangiji ne shi kaɗai. Haka Tsoho, faston da ya horar da ni, ya koya mini shekara tara ina ɗaukar masa jaka kafin a ba ni coci nawa, haka kuma nake koyarwa.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Kafinta ya zo ofis. Shi ne babba a dattawan ikilisiya, kuma tare muka tashi, shi kaɗai ke shigo mini ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya zauna, ya jijjiga teburina, ya ce ƙafa ɗaya ta saki. Mun daɗe a kan maganar tebur.

Can ya ce, "Mutumina, ka je ka ga yarinyar nan?"

Na ce wace yarinya.

Ya ce, "Mu biyu ne a ɗakin nan, kada ka mai da ni baƙo."

Na ce ban kira sunan kowa ba ranar Lahadi.

"Ba ka kira ba. Juyawa ka yi ka dube ta, jama'a suka bi idonka."

Na ce tafi a gidan Ubangiji ba na mutum ba ne. Ya ce maganar tafi ba ta dame shi ba, ya sha jin ta a bakina, kowa ya sha. "Ɗaya maganar ce, wadda ka ƙara a ƙarshe. Ni da nake makwabcin gidansu ban san da ita ba sai ranar. Kai a ina ka ji ta?"

Na shiga jera takardun da ke kan tebur. Ya dubi kujerar da yake zaune a kai, wadda masu zuwa neman shawara ke zama, ya tashi daga kanta kamar ta yi zafi. Ya ce zai zo da manne ranar Asabar saboda teburin.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Koyon waƙa. Daga ofis ina jin su ta bango. Su ashirin da biyu ne a ƙa'ida, yau na ƙirga goma sha uku ta taga lokacin da suke shigowa. Nas ba ta zo ba. Mai Walda ne ya ja su, mutumin da ya shekara takwas yana tsayawa a layin baya. Muryarsa irin ta injin shagonsa ce. Sun fara waƙa ɗaya sau huɗu.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Mai gyara ya zo. Fanka ta yi shiru.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Maman yara na guge mini rigar Lahadi, ina zaune ina duba takardun wa'azi. Kwana biyar ke nan ba abin da ya haɗa mu sai "ga abinci" da "ina makulli".

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban yara, shekara talatin da huɗu ina dafa maka abinci. Sau nawa ka ce ya yi daɗi?"

Na ce ai ina cinyewa.

Ta ce, "Kaza ma tana cinyewa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya rigar, ta bi wuyan da dutsen guga a hankali. Ta ce ita ta saba, ta san idan na nemi ƙari to ya yi daɗi ke nan, idan na sha ruwa da yawa to gishiri ya wuce. "Na koyi karanta ka kamar takardar likita. Amma yarinyar nan ba matarka ba ce, ba dole ta koya. Tana tashi daga aikin asibiti, ƙafa a kumbure, ta zo ta tsaya awa biyu tana koya wa mutane waƙa. Ko sannu."

Na ce lada tana wurin Ubangiji.

Ta ce, "To ai horon ma da ka bar wa Ubangiji."

Ta rataye rigar. Rigar ta ƙone kaɗan a hannun hagu, haka zan sa ta.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Yabo minti goma sha biyar. Wa'azi minti hamsin cif. An tashi sha biyu daidai. Ba wanda ya yi tafi. Haka ya kamata.

Layi uku na baya babu kowa. A bakin ƙofa tsohuwar mai keken guragu ta riƙe hannuna ta ce, "Baba Fasto, ina 'yata mai waƙa?" Na ce tana bakin aiki. Ban san ko tana bakin aiki ba.

Na sha magani.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Matar Kafinta ta kawo saƙo a leda: makullin kabad ɗin kayan kiɗa, da littafin mawaƙa. Ta ce Nas ta ce a ba ni. Na tambaya ko akwai wata magana. Ta ce babu, ta gaishe ni ta fita, ba ta zauna ba.

Littafin irin na 'yan makaranta ne, bangonsa ya sha hannu. Na ɗauka jerin waƙoƙi ne kawai. Akwai jerin, amma a ƙarƙashin kowace Lahadi ta rubuta wasu abubuwa da jan biro. "Mai Walda ya riƙe muryar ƙasa shi kaɗai yau, a gaya masa." "Matar Direba ta zo a kan lokaci sau uku a jere, a gaya mata." "Mai ganga bai yi sauri ba, a gaya masa a gaban kowa." Shafi bayan shafi haka. Idan ta gaya wa mutum sai ta ja layi a ƙasa. Kusan duka da layi.

Akwai na gyara ma, amma su da fensir ta rubuta, kuma kowanne ta sa "a keɓe" a gefensa.

Na bi littafin daga farko zuwa ƙarshe sau biyu. Sunana ba ya ciki. Ba dalilin da zai sa ya kasance.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Su tara.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Taron dattawa. Su huɗu da ni. Kafinta ya ce mutane na magana a kasuwa, ba ma 'yan cocinmu kaɗai ba, kuma yarinyar ba ta iya bin layin gidansu a ƙafa sai ta zagaya ta bayan makaranta. Ya ce a matsayinsa na dattijo yana ganin in tashi in gyara abin a inda na ɓata shi. Biyu suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa.

Na huɗunsu, Direba, shi ne ya miƙe. Ya ce, "Baba, ba mu da kamarka. Wa'azinka ne ya gina cocin nan, ba kiɗa ba. Da ba don kai ba, da yanzu wurin nan garejin motoci ne. Shugaba irinka sau ɗaya ake samu. Mawaƙa kuwa, yau a samu gobe a rasa. Idan uba ya tsawata wa 'ya, ita ce za ta zo ta durƙusa."

Kafinta ya ce, "Direba, rage gudu, akwai kwana a gaba."

Na ce wa Direba yabo na Ubangiji ne. Amma sai da ya kai ƙarshe na faɗa.

An tashi ba a yanke komai ba. Na rubuta maganar Direba a nan kalma da kalma ne don a samu abin tunawa da taron.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Na sake karanta abin da na rubuta jiya.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Kafinta bai zo da manne ba, wannan Asabar ta biyu ke nan. Na naɗe takarda na cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin.

Tun ranar Lahadin can ba wanda ya zo neman shawara. A da, ranar Asabar har layi ake yi a baranda: masu rigimar aure, masu yaran da suka ƙi karatu, masu abin da ba sa iya gaya wa kowa. Yau na bar ƙofa a buɗe daga tara zuwa uku. Wata mata ta zo har bakin matakala, ta gan ni, ta gaishe ni, ta ce makewayi take nema.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Kamar makon jiya. Layi huɗu na baya. Tsohuwar ba a kawo ta ba.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je wurin Tsoho. Mota biyu ake hawa. Na yi niyyar in ba shi labarin yadda yake, in ji ta bakinsa, don shi ne ya sa min wannan ƙa'ida a hannu. Ranar da na yi wa'azina na farko a gabansa, ina ɗan shekara ashirin da bakwai, na kwana uku ina shiri. Da na sauko na tsaya a ƙofar ofishinsa ina jira. Ya fito ya dube ni ya ce, "Ka daɗe da yawa." Shi ke nan. Ban ƙara jin komai daga gare shi a kan aikina ba har na bar hannunsa.

Yanzu yana gidan autarsa, ya haura tasa'in. Auta ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Yaya, kada ka ji haushi, wani lokaci ba ya gane mutane. Jiya ni ma sai da ya tambaye ni 'yar gidan wa ce."

Ɗakin ƙarami ne. Gado, kujera ɗaya, rediyo da ba batir, sandarsa a jingine. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Daga hedkwata kake?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya ce, "Madalla, madalla, zauna," ya ci gaba da yi mini magana kamar baƙon hedkwata. Ya tambayi mutanen da suka mutu tun ina saurayi. Na ce suna lafiya.

Can ya matso ya rage murya. "Ka san yaron nan nawa da aka tura cocin da ke bayan tashar mota? Dogon nan, mai taurin kai?"

Na ce na san shi.

"Cikin duk waɗanda na koyar, babu na biyunsa. Ranar da ya yi wa'azinsa na farko, kafin ya sauko na riga na shige ofis na kulle ƙofa. Kuka na yi, malam. Na ce Ubangiji, ka ba ni magaji."

Na ce, "To me kuka ce masa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Na ce ya daɗe!" Ya share baki da gefen zane, ya kama hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. "Kada ka gaya masa fa. Kansa zai kumbura."

Auta na tsaye a ƙofa da kofin shayi, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Na ce ba zan gaya masa ba.

Ban kawo maganar Nas ba. Takardar wa'azin nan na farko tana cikin akwatina har yau. Shekara talatin da wani abu, duk lokacin da na ci karo da ita sai in kife ta, a zatona abin kunya ce.

Motar dawowa ta cika. A tsaye na zo har gida.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na safe

Ban san ko murna ya kamata in yi ba. Na zauna a bakin gado ina jira ta zo, ba ta zo ba. Na sha magani.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Su bakwai. Na rufe taga.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Na je asibiti a auna mini jini. Akwai ƙaramin asibiti kusa da gida inda na saba zuwa. Na je babban.

Na karɓi kati, na zauna a benci tsakanin wata mai ciki da wani dattijo mai ciwon ƙafa. Awa biyu da kwata. Ɗakunan awo biyu ne. Sau biyu ana kirana ɗaki na farko ina barin na bayana ya wuce, har dattijon ya ce, "Malam, ko allura kake tsoro?"

Nas tana ɗaki na biyu, da farar riga da agogo a ƙirji. Da ta gan ni ta tsaya kaɗan, sannan ta rusuna ta ce, "Baba, ina wuni. Ku zauna." Tun tana ƙarama "ka" take ce mini, kamar yadda 'ya'yana ke yi. Yau "ku".

Ta naɗa mini abin awo a dantse. Na ce, "'Yata, waƙar ranar nan..."

Ta ce, "Ku yi shiru tukuna, awon ba ya son magana."

Na yi shiru. Abin ya matse, ya saki. Ta rubuta lamba a kati. Ta ce ya hau, ta tambaya ko ina shan magani. Na ce kullum.

Sai na faɗa. Na ce waƙar ranar nan ta yi kyau. Na ce duk na shekarun nan sun yi kyau, kuma na sani tun tuni. Maganar ta fito mini a karkace, kamar ina karanta sanarwa.

Ta gama rubutunta, ta rufe biro. Ta ce, "Baba, da kun faɗi wannan ko sau ɗaya a shekara goma sha huɗu, da ranar Lahadin nan na ce suɓutar baki ce. Amma ita ce magana ta farko da kuka taɓa yi a kan aikina. Ni ban san da wata ba."

Na ce haka ne.

"Tafin nan ni ma ba na son sa. Da kun kira ni ofis kun ce in rage tsawon yabo, da na rage." Ta kwance abin awon tana naɗewa. "Amma abin da na gaya muku a kujerar nan, ko mahaifiyata ba ta sani ba. Yanzu ta sani. Wurin mai kayan miya ta ji."

Na ce na zo neman gafara.

Ta ce, "Mutum ɗari uku suka ji waccan. Wannan ni da sikeli muka ji." Ta miƙo mini kati da hannu biyu. "Ku rage gishiri. Ku dawo bayan mako biyu, kowane ɗaki ma ya yi."

Ta leƙa waje ta kira na gaba.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na rubuta, na yaga. Na rubuta, na yaga. Maman yara ta shigo ta share takardun ba ta tambaya ba. Da za ta fita ta ce, "Kada ka mai da shi wa'azi. Ka faɗa kawai ka zauna."

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na faɗa. Kafin wa'azi, a wurin da na tsaya wancan karon, ba takarda.

Na ce makonni uku da suka wuce na ɗauki maganar da aka ba ni amana na jefi mai ita da ita a gaban jama'a. Na ce ba kishin Ubangiji ne ya sa ni ba, ko da yake da sunansa na yi. Na ce an yi wa wata tafi ne ina tsaye. Na ce matar nan ta yi wa ikilisiyar nan hidima shekara goma sha huɗu da aminci, ta koya wa mutanen da ba su san suna da murya ba su buɗe baki su yabi Mahaliccinsu, ni kuma da nake ubanta ban taɓa ce mata sannu ba. Na ce duk wanda ya ƙara ɗaukar maganar nan zuwa kasuwa, kayana ya ɗauka, ba nata ba.

Nas ba ta nan. Na sani tun kafin in fara, na duba.

Ba wanda ya yi motsi. Wani jariri ya yi kuka aka fita da shi. Na yi wa'azi, ban san minti nawa ba.

A bakin ƙofa Direba ya ba ni hannu da yatsu uku, ya ce shugaba ba ya kwance wa kansa zane a gaban mabiya. Kafinta kuwa ya matso. Ya tsaya kusa da ni har mutum na ƙarshe ya fita.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ba labari.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ba labari. Direba ya aiko cewa ba zai samu zuwa taron Alhamis ba, tafiya ta kama shi.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Nas ta zo gida. Ina ɗaki na ji muryarta a kicin ita da Maman yara, sun fi rabin awa, har na ji dariya sau ɗaya. Sannan ta fito falo ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta hau kujera. Ta zauna a bakinta.

Ta ce, "An gaya mini abin da kuka faɗa. Mutum shida suka gaya mini, kowa da irin nasa. Na gode, Baba. Na yafe, tsakanina da Allah."

Na ce makulli da littafi suna ofis, yadda ta aiko su.

Ta girgiza kai. Ta ce ba za ta iya tsayawa a gaban mutanen nan ba, ta ɗaga hannu tana waƙa suna kallonta suna tuna abin da suka ji. Ta ce akwai ƙaramin ɗakin sujada a asibiti, ranar Lahadi da safe majinyata da masu jinyarsu ke taruwa, ba su da mai ja musu waƙa. Makonni uku ke nan tana zuwa. "Su goma sha biyu ne, rabi ba sa iya tsayawa. Ba su san komai a kaina ba."

Na ce ko nan gaba.

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Kada ku jira."

Ta ce littafin a ba Mai Walda, zai yi masa amfani. Maman yara ta raka ta har titi. Har ta fita "ku" take cewa.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Layi uku na baya. Wani mutum ya ce zai zo ya gan ni ranar Asabar, sannan ya ce ko dai wata Asabar ɗin.

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na shiga wurin koyon waƙa. Tunda nake a cocin nan ban taɓa shiga ba. Su takwas ne yau. Da suka gan ni waƙar ta mutu a bakinsu, mai ganga ya ɗora tafin hannu a kan fata. Na ce su ci gaba, na zauna a bencin baya.

Mai Walda ya ci gaba da ja, yana waiwayena. Daga shago ya zo kai tsaye, rigarsa duk hujin tartsatsi, idonsa ja saboda wuta. Ya haura hamsin, yana da jikoki biyu. Sun yi awa ɗaya. Da aka yi addu'ar tashi na ce ya ɗan tsaya. Sauran suka fita da sauri, ba wanda ya dubi wani.

Na ba shi littafin, na ce Nas ta ce a ba shi. Ya karɓa yana juya shi. Sannan na ce masa na lura. Na ce mako na biyar ke nan yana tsayawa a wurin da ya san za a gwada shi da wadda ta fi shi murya, bai fasa ko sau ɗaya ba. Na ce ranar Lahadi a waƙa ta biyu mata sun ɓace, ya rage tasa muryar ya jira su har suka dawo, kuma ba kowa ke iya wannan ba. Na ce ya yi ƙoƙari.

Ya ajiye littafin a benci. Ya ce, "Baba, idan sauke ni za a yi, a faɗa mini kai tsaye. Wallahi ni ma na san ban iya ba."

Na ce ba sauke shi za a yi ba.

"To me na yi?"

Na ce ba abin da ya yi. Na ce ya yi ƙoƙari ne, shi ne nake gaya masa.

Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Na ce babu saura. Sai da na maimaita sau uku. A na ukun ya zauna a bencin, ya sa hannayensa masu tabon ƙuna ya rufe fuska, ya daɗe haka. Ni ma ban san abin da ake yi bayan an faɗa ba, sai na tsaya ina kallon allon sanarwa.

Da ya ɗago ya ce, "Baba, in gaya wa matata?"

Na ce ya gaya mata.

Ya fita da sauri har ya bar jakar kayan aikinsa a ƙarƙashin benci. Na ɗauka na kai ofis, da nauyi. Gobe da safe zan bi ta shagonsa in miƙa masa.